Kwana shida nake kasuwa, wane jadawali ne zai kai ni gudun fanfalaki na Legas?

Mai Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari. Da safe ni ke kai yara makaranta, ƙarfe tara na buɗe shago, ba na rufewa sai an kusa kiran magariba. Lahadi kaɗai nake hutawa. Shekara biyu ke nan ina gudu bayan sallar asuba, yanzu ina yin kilomita 10 ban tsaya ba, kuma na sa wa raina sai na shiga gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, cikakken kilomita 42.195.

Kwanakin baya na sauke wani jadawali a waya mai gudu sau biyar a mako. A mako na biyu kaya suka sauka, na yi kwana uku ban fita ba. Abin ya tsaya mini a rai, sai na haɗa gudun kwana biyu na yi shi rana ɗaya. Washegari na durƙusa zan jawo dila daga ƙarƙashin kanta, gwiwar dama ta riƙe. Kwana huɗu na yi ina sallah a kan kujera. Yanzu da sauƙi. Tambayata, fita sau uku a mako za ta isa, ko in haƙura in shiga na kilomita 10?

Tsohon Mai Gudu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, sau uku za ta isa, in dai burinka ka kai ƙarshe da ƙafarka ne. Sau biyu na yi na Legas, kuma ni ma ma'aikaci ne.

Jadawalin sababbin shiga da aka fi sani, irin na Hal Higdon ɗan Amurka, mako 18 ne, gudu sau huɗu a mako, mafi tsawonsa kusan kilomita 32. Ni na cire kwana ɗaya na bar Talata, Alhamis da Lahadi. Talata da Alhamis minti 40 zuwa awa ɗaya, ka dawo ka yi wanka ka kai yara. Lahadin ita ce ginshiƙi. Ka fara daga 10 ɗinka, kana ƙara kilomita ɗaya ko biyu, duk mako na uku ka rage jiki ya huta. Ka yi shi a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba ka haki. Mafi tsawon ya faɗo saura mako uku a yi gasar, daga nan sai ragewa.

Gudun da ya wuce ka kuwa, ya wuce. Ba a rama shi kamar azumi. In kasuwa ta cinye Talata, ka bar ta, amma ka tsare Lahadi. Lokacin da na yi na Legas, an tashi ne daga babban filin wasa na Surulere, aka hau gadar Third Mainland mai tsawon fiye da kilomita 11, babu inuwa ko ta tsinke. A kan gadar nan na gode wa Allah da ban yi wasa da Lahadina ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Malam, ni gwiwar ce ta tsaya mini. Kafin kowane jadawali ka je likitan gashin ƙashi ya duba ta. Ka duba takalminka ma, in ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, ya gama aiki. Kuma ka tuna wuni kake a tsaye kana ɗaga diloli, ƙafarka ba ta hutawa kamar ta mai zaman ofis.

Ni da aikina yake juyawa, ban rubuta sunan rana a takardata ba. Fita ta ɗaya, ta biyu, ta uku kawai, da sharaɗin kwana ɗaya a tsakani. Ka kuma saba da ci a kan hanya tun yanzu. Wajen kilomita 30 ne abin da jiki ya tara yake ƙarewa ƙafa ta yi nauyi. Ni dabino nake sawa a aljihu da 'yar gorar ruwa a hannu.

Ɗan Zoo Road:
Ƙari kaɗan, yallaɓai. Dogayen gudunka za su faɗo cikin hunturu, gumi na bushewa nan take. A Legas riga jiƙewa take yi ta manne a jiki, don haka ka rage sauri ranar. Sannan azumi na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, yanzu ya shigo Fabrairu. Ka haɗa ranar gasar da kalandar Musulunci kafin ka biya kuɗin rajista.

Mai Atamfa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na juya takalmin yanzu, dunduniyar dama ta cinye har farin da ke cikinta ya fito. Jibi zan bar wa ƙanena shago in je asibiti. In an ce babu matsala, Lahadi in fara da kilomita 8. Akwai mai fita ta titin BUK bayan asuba mu riƙa tafiya tare?