Neman kalmar Hausa: me za mu kira "rapaces migrateurs" a rediyo?

Mai shirin rediyo, Tawa: Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa shiri kan tsuntsayen da ake ce wa rapaces migrateurs da Faransanci, waɗanda ke barin ƙasarmu a Maris da Afrilu su tafi Turai yin ƙwai. A hanyarsu akwai masu hawa tudu tun safe da madubin hangen nesa da takarda suna ƙirga su, a Tarifa ta ƙasar Sifen, da mashigin Messina na Italiya, da Cap Bon na Tunisiya. Na rubuta "tsuntsaye masu farauta masu ƙaura", amma ya yi wa baki nauyi. A taimaka.

Malamin lakwal, Yamai: Ƙaura ba ta zauna ba. Wanda ya yi ƙaura ya kwashe nasa ya nasa, ba a sa ran dawowarsa. Hijira kuwa gudun fitina ce, su ba korarsu aka yi ba.

Wani dattijo, Tawa: Ɗana, kana zaune cikin Adar kake neman wannan kalma? In an gama girbi samarinmu sai Abijan, sai damina ta kawo kai su dawo gona. Me kake ce musu? Ƴan ci-rani. To su ma tsuntsayen rani suke zuwa ci wurinmu.

Ma'aikaciyar gandun daji, Yamai: Baba ya faɗi daidai. Ku dubi wani daga cikinsu da ake ce wa busard cendré da Faransanci. Namijin ruwan toka ne, bakin fikafikansa baƙi, yana tafiya ƙasa-ƙasa bisa gonakin da aka girbe. Wajen Satumba yake isowa, fara ce yawancin abincinsa, da dare kuma a ƙasa suke kwana da yawansu cikin ciyawa. Zafin bazara na kamawa sai ya ɗauki hanyar Sahara. Gidansa na haihuwa can ne, nan neman abinci ya kawo shi.

Dalilin da ya sa ake iya ƙirga su kuwa, manyan ba su cika kaɗa fiffike ba. Jewa suke yi cikin iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, ta ɗaga su sama, su sulale zuwa gaba. Bisa teku irin wannan iska ba ta da ƙarfi, shi ya sa suke taruwa inda ruwa ya tsuke. A mashigin Jibralta, inda Tarifa take, kilomita 14 kacal ke tsakanin Afirka da Turai.

Amma a yi hattara da shirwa, iri biyu ce. Mai baƙin baki ita ke zuwa daga Turai. Mai rawayan baki ƴar Afirka ce, ruwan sama take bi daga kudu, ita damina take ci.

Mai shirin rediyo: Madalla, Hajiya. Rabi ya samu. Saura rapace.

Malamin lakwal: "Masu farauta" ta yi faɗi, zalɓe ma kifi yake kamawa. Ni "masu sura" nake so. Duk macen da ke kiwon kaji ta san yadda shirwa ke surar ɗan tsako.

Ma'aikaciyar gandun daji: Malam, ungulu fa? Ba ta sura, mushe take jira, kuma ana ƙirga ta. Farar ungulu mai rawayar fuska tana cikin masu ƙetare Jibralta. Masanin tsuntsaye Jean-Marc Thiollay ma da ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina yana ƙidaya wajen 1970, ya sake bi a 2003 zuwa 2004, ungulaye da gaggafa ne ya tarar sun fi raguwa, in ban da cikin gandu irin na W. Sunan da ya bar ungulu a waje bai yi ba. Ina ganin "dangin shaho".

Dattijo: Ungulu dangin shaho? Shahon zai ji haushi. Amma ƴata, na yarda, kowane dangi da mai sanƙonsa.

Malamin lakwal: Ban saki "masu sura" ba, zan ci gaba da faɗinta a aji in ana zancen shirwa. A rediyo dai ku ɗauki ta Hajiya, ta fi saurin shiga kunne.

Mai shirin rediyo: Shi ke nan, "dangin shaho ƴan ci-rani", aikin kuma "ƙidayar bazara". Hajiya, in da hali ki turo mani muryarki kan zancen shirwa biyun nan, ya fi daɗi daga bakinki.