Neman kalma: me za mu kira wurin da sauron denge yake haihuwa?

Mai shiri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da ƙarfe goma na safe za a naɗi shirina na lafiya, kan yadda yanayin unguwa ke jawo ɓarkewar zazzaɓin dengue. Takardar da nake fassarawa ta cika da "breeding site", wato wurin da sauro ke haihuwa. Da farko na rubuta "gidan sauro", sai da na karanta da ƙarfi gabana ya faɗi: zan ce wa jama'a su kawar da gidan sauro, alhali shi muke roƙonsu su rataya. Na koma "matattarar sauro", amma raina bai kwanta ba. Ku taimaka min kafin dare.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam Anti. Matattarar sauro ai ta wadatar, kowa ya saba jin ta.

Tsohon duba-gari: 'Yata, kada ki sa matattara. Sabon da aka yi da ita shi ne matsalar. Duk wanda ya ji ta, kwata da kududdufi za su faɗo masa a rai, ya ce wannan aikin hukuma ne, ya ci gaba da harkarsa. Sauron da ke yaɗa wannan cuta, Aedes aegypti, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da ya kwana a mazubi: durom, bokiti, tanki marar murfi, tsohuwar taya, gwangwani, kaskon da ke ƙarƙashin tukunyar fure. Sau nawa na ɗaga murfin durom na haska tocila, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil, da inuwata ta faɗa kansu su nutse ƙasa, mai gida yana tsaye yana rantse min cewa ruwan sha ne, garau yake. Kuma gaskiyarsa, garau ɗin yake. Macen ba a tsakiyar ruwa take zuba ƙwai ba, a jikin mazubin take manna shi, daidai saman inda ruwa ya tsaya, kamar baƙar ƙura. Ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya fashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne idan ana zafi. Shi ya sa zubar da ruwa kaɗai ba ya isa, sai an goge cikin mazubin da soso. Ni dai "maƙyanƙyasa" nake cewa.

Mai fassara: Maƙyanƙyasa ta zauna a ƙa'ida, kamar makaranta, marina, mahauta. Akwai kuma "mahayayyafa". "Makwanci" ba zai yi ba, don wannan inda babban sauro ke laɓewa ne, bayan labule ko ƙarƙashin gado.

Mai shiri: Mahayayyafa za ta sarƙe min harshe a gaban makirfo, Yaya. Jam'in maƙyanƙyasa fa?

Mai fassara: Maƙyanƙyasu, kamar makarantu. Amma ki guje shi idan da hali.

Malamin Hausa: Kun tsaya gyaran reshe kun bar saiwa. Tun a layin farko aka rubuta sunan cutar da baƙaƙen da Bahaushe ba zai iya furtawa ba, kuma babu wanda ya ce uffan. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibaina "zazzaɓin karya-ƙashi". Ciwon gaɓoɓi da tsoka da yake sa wa mutum ne ya sa tun a ƙarni na 18 likita Benjamin Rush ya ambace shi da suna mai wannan ma'ana, bayan annobar 1780 a birnin Filadelfiya na Amurka. Sunan yana faɗin kansa. Me ya sa za mu yi aro? Kayan aro ba ya rufe katara.

Nas: Allah gafarta Malam, da girmamawa. Wanda aka yi wa gwaji, "dengue" zai gani a takardarsa. Idan a rediyo ya ji karya-ƙashi, bai san abu ɗaya ba ne. Kuma mutane da yawa suna ɗaukar cutar ba tare da ciwon ƙashi ba, wasu ma babu wata alama. Uwa za ta ce yarona ba ya kukan ƙashi, ta zauna a gida. Abin da ke kisa shi ne idan zazzaɓin ya sauka sai ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci. Mun riga mun sha wahala da "zazzaɓin cizon sauro": maleriya ta cinye sunan, yanzu kowane zazzaɓin da sauro ya kawo sai a sha masa maganin maleriya.

Malamin Hausa: To ai hujjata kika ƙarfafa, 'yata. Da masana aka tuntuɓa tun farko da ba a yi wannan kuskure ba. Amma yanzu duk wanda ya riƙe makirfo ya zama mai ƙirƙirar kalma.

Mai fassara: Malam, wannan maganar ta yi mana nauyi. Ku kuna da zangon karatu guda ku tattauna kalma ɗaya, mu awa biyu ake ba mu. Kuma kalmomi nawa aka ƙirƙira a ɗakin taro suka mutu a cikin takarda? Asibiti, likita, allura, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

Malamin Hausa: Sun zama 'yan gida ne don sun sa rigar gida. Babu wanda ke rubuta su da baƙaƙen masu su.

Ɗalibi: Baba Malam, ai shi ma karya-ƙashin fassarar sunan Turawa ne.

Malamin Hausa: Fassarar ma'ana daban, haɗiye kalma ɗungurungum daban. Ka koma aji.

Tsohon duba-gari: Jama'a, yarinyar nan gobe take aiki. Ni abin da ya dame ni kada gardamar suna ta cinye maganar unguwa. Wannan sauro ba ya nisa, yawanci rayuwarsa ba ta wuce 'yan mitoci ɗaruruwa daga inda ya fito. Wanda ya cije ki, a gidanki ko gidan maƙwabci aka haife shi. Kuma da rana yake cizo, musamman da sassafe da kafin faɗuwar rana, don haka gidan sauro na dare ba ya tare shi duka. Unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe dole kowa ya tara ruwa, shi ya sa ko a lokacin fari cutar na iya tashi. Unguwar da ba a kwashe shara, kowace roba da kwalba mazubi ce idan an yi ruwan sama. Ga cunkoso: sauro ɗaya ya ciji mai cutar, bayan kwanaki ya zagaya gidaje. A Singafo har cikin gida jami'ai ke shiga dubawa, su ci tarar wanda aka samu tsutsa a wurinsa. Bangaladash ta rasa mutum 1,705 a 2023, Birazil ta haura mutum miliyan 6 da ake zaton sun kamu a 2024. Ki faɗa musu wannan.

Mai shiri: Na gode Baba, na kwafe duka. Ga abin da na tsayar. Karon farko zan ce "maƙyanƙyasar sauro, wato duk mazubin da ruwa ya kwana a cikinsa, ko da mai tsabta ne". Bayan nan "inda sauro ke ƙyanƙyasa". Sunan cutar kuma "zazzaɓin denge", da rubutunmu, sannan in ce wasu na kiransa karya-ƙashi saboda ciwon gaɓoɓi.

Malamin Hausa: Ba "wasu" ba. Ki ce "da Hausa". Kuma ƙyanƙyasa aikin kaza ne mai kwanci, sauro ba ya kwanci. Amma tunda lokaci ya ƙure, maƙyanƙyasa ta fi matattara, wannan na yarda. Denge kuwa ban yarda ba, kuma zan dawo da maganar.

Nas: Anti, don Allah ki ƙara layi ɗaya: wanda ake zaton ya kamu ya sha farasitamol da ruwa mai yawa, ya guji asfirin da ibufurofen don suna ƙara haɗarin zubar jini.

Mai shiri: Na saka, 'yar'uwa. Malam, zan ce "ana kuma kiransa". Iyakar abin da zan iya ke nan, ka yi min afuwa.