Wa aka taɓa yi wa hipnosis saboda ciwo? Ku ba mu labari

Maman 'Yan Biyu, Beljiyam: Assalamu alaikum. Wata mai kamawa za a yi mini aikin maƙoƙo. Likita ta ce in na yarda ba za a sa ni barci gaba ɗaya ba, sai allurar kashe zafi a wuya, ɗan maganin kwantar da hankali, da hipnosis, wato a yi ta yi wa mutum magana a hankali har tunaninsa ya nitse a wani abu daban. Ta ce a asibitin jami'ar Liège tun farkon shekarun 1990 ake yin haka, Farfesa Marie-Elisabeth Faymonville ce ta kawo shi. Maigida ya ce shi dai bai gamsu ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini gaskiya.

Hajiyar Brussels: Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin aikin nan aka yi mini. Mai ba da maganin barci ta zauna daf da kaina, ta ce in zaɓi wurin da na fi samun natsuwa. Na zaɓi tsakar gidan kakata da yamma, ana daka. Ta yi ta tambayata a hankali, me nake gani, wane ƙamshi nake ji. Wallahi ina jin ƙarar ƙarafan aiki, ina jin ana jan fatar wuyana, amma abin bai dame ni ba. Sau ɗaya zafi ya taso, na yi alamar da muka shirya tun farko, aka ƙara allura. Hankalina bai gushe ba, da na so magana da na yi. Ki gaya wa maigida babu wani sihiri a ciki.

Ɗalibin Likitanci, Kanada: Hajiya, abin da kika ce, kin ji amma bai dame ki ba, shi wani mai bincike, Pierre Rainville, ya auna a Montreal a 1997. Aka tsoma hannun mutane a ruwan zafi ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Da aka raɗa musu a cikin hipnosis cewa zafin ba zai takura musu ba, sashen da ke gane inda ciwo yake ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba. Wanda ya lafa shi ne wani sashe a gaban tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai kula da damuwar da ciwo ke jawowa. Mu da ruwan ƙanƙara muka gwada. Abokina ya daɗe hannunsa a ciki yana murmushi, ni kuwa tuni na zare nawa ina yarfewa.

Ɗan Manchester: Ni matsalar hanji ce, kumburin ciki da murɗa shekara da shekaru, magani ya ƙi ci. A nan garin likita Peter Whorwell ya fara gwada hipnosis a kan wannan ciwo, sakamakonsa ya fito a 1984. Da aka fara yi mini, makonnin farko ban ga komai ba, har na fara jin haushin kuɗin bas. Daga baya murɗar ta ragu. Ban warke ba, amma yanzu ina fita ba tare da na fara neman inda banɗaki yake ba.

Mai Sikila: Ku yi haƙuri, ni nawa labarin daban ne. An koya mini yi wa kaina, kuma yana taimakawa da ƙananan ciwon gaɓoɓi da daddare. Amma ranar da babban ciwo ya tashi, ko muryar mai maganar ba na iya bi, sai asibiti, ruwa da allura. Abin da ya fi ɓata mini rai, wani ma'aikaci ya ce wai ban mai da hankali ba ne.

Ɗalibin Likitanci: Yaya, ba laifinka ba ne. Mutane sun bambanta. David Spiegel na jami'ar Stanford ya ce kusan mutum 1 cikin 10 ne ke nitsawa sosai, wasu kuma ba ya kama su ko kaɗan. Anti Maman 'Yan Biyu, ki tambaye su tun yanzu me za su yi idan bai kama ki ba. A ƙa'ida maganin barci yana nan a shirye, ana iya komawa gare shi a tsakiyar aiki.