Sikirif na gudu a nan, ya ƙi a kwamfutar abokin aiki

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Sikirif ɗin Python mai tsabtace bayanan Excel yana gudu lafiya a kwamfuta ɗaya, a ta biyu sai ya ce DataFrame (teburin bayanai) ba shi da umarnin append. Yaya ake miƙa wa abokan aiki ba tare da wannan ba?

'Yar Zango: Wa alaikumus salam Malam. Matsalar siga ce. An cire append daga pandas, laburaren Python na sarrafa bayanai, tun siga 2.0 ta 2023, yanzu pd.concat ake amfani da shi. Kowane aiki a ba shi ɗakinsa: python -m venv .venv, a kunna, a girka abin da ake buƙata kawai, sannan pip freeze > requirements.txt. Wannan fayil ne zai raka sikirif ɗin.

Na Garin Malam: Hajiya ta faɗi daidai, amma a buɗe fayil ɗin a duba kafin a tura. freeze kwashe komai yake. In a Windows aka yi, pywin32 na iya shiga ciki, mai Linux kuma ba zai iya girka shi ba. Ni na fi son a rubuta da hannu: pandas==2.2.2, openpyxl==3.1.2. Kar a manta openpyxl, pandas ba ya zuwa da shi, kuma da shi ya saba buɗe fayil ɗin Excel na xlsx. A rubuta sigar Python ma a sama, don 3.12 ta cire distutils, tsofaffin laburare na tuntuɓe a nan.

Ɗan Birni: To me zai hana in kwafe .venv ɗin gaba ɗaya a kile (USB)?

Na Garin Malam: A'a, kar ka soma. Cikakkiyar hanyar fayilolin kwamfutarka ce rubuce a ciki, a wata kwamfutar ba za ta same su ba.

Ɗan Sabon Gari: Ga wanda rezo ke wahalarwa a nan Damagaram: inda intanet ke da ƙarfi a yi pip download -r requirements.txt -d wheels, a zuba jakar wheels ɗin a kile. A can sai pip install --no-index --find-links=wheels -r requirements.txt, ko mega ɗaya ba ta ci. Sai dai a lura da sunan fayil: cp311-win_amd64 na Python 3.11 ne a Windows kaɗai.

'Yar Zango: Masu aiki da yaren R kuma su yi renv::snapshot(), su tura renv.lock, abokan aiki su yi renv::restore().

Ɗan Birni: Madalla, na gode. Duk kwamfutocin ofis 3.11 ne, bari in gwada ta kile ɗin.