Bawul ɗin da ke kare famfo idan kwarara ta ragu: me za mu kira shi?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina fassara littafin horar da masu kula da famfunan masana'anta, ranar Alhamis zan miƙa. Na maƙale a kan bawul ɗin da ake kira ARV, wato Automatic Recirculation Valve a Turance. Na rubuta "bawul ɗin kariya", amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Goge shi, Malam. Za a ɗauka bawul ɗin sakin matsi ne, wanda ke buɗewa idan matsi ya yi yawa. Wannan kuwa kwarara yake ji. Ana ɗaura shi a bakin fitar famfo, a cikinsa akwai faifai da sifirin. Ruwa na tafiya sosai, sai ya ɗaga faifan, hanyar gefe ta rufe. Buƙata ta ragu, faifan ya sauko, hanyar gefe ta buɗe, ruwa ya koma tanki. Ba lantarki, ba iska. Ni "bawul mai mayar da ruwa da kansa" zan ce.

Makanike: Za a rikita shi da bawul mai hana ruwa komawa baya, ko da yake faifan nan yana yin wannan aikin ma. Mutane da yawa Schroeder kawai suke ce masa, sunan kamfanin Jamus mai ƙera shi.

Malamin Hausa: Har yaushe za mu riƙa aron "bawul"? Muna da ma- da -i: mabuɗi, makulli. Ruwa kewayawa yake yi, to "makewayi".

Makanike: Allah ya gafarta Malam, makewayi ai ban-ɗaki ne.

Malamin Hausa: To "mazagayi". Harshen da bai ƙirƙira ba zai daɗe ba. Su ma Turawan daga Latin suka kwaso tasu.

Injiniya: Famfo da tanki da sifirin fa, Malam? Duk aro ne, sun zauna. Abin da ya dame ni shi ne mai kula da famfon tukunyar tururi ya gane haɗarin. Famfo mai farfela in ya yi ta juya ruwa ba mafita, ƙarfin injin zafi yake zama. Ruwan ya fara tafasa, kumfa ta fashe a jikin farfela tana cin ƙarfen, sai jijjiga, sil mai hana yoyo ya ƙone, boris ya tafi. Mafi ƙarancin kwarara kamfanin famfon ne ke faɗa, da ita ake zaɓar girman bawul ɗin. Kuma kada a mayar da bututun gefe bakin shigar famfo kai tsaye, zafin zai taru. Tanki zai koma.

Mai fassara: "Mai mayar da rara" fa? Ya fi gajarta, kuma ya hau kan famfon mai, ba ruwa kaɗai ba.

Injiniya: Ba rara ba ce. Ciko ne yake yi don kwararar ta kai adadin da famfo ke bukata.

Malamin Hausa: "Mazagayi" bai da wannan matsalar ko ɗaya.

Makanike: Amma bai faɗi ko me ke zagayawa ba, bai kuma nuna da kansa yake yi ba.

Mai fassara: Zan sa "bawul mai mayar da ruwa tanki da kansa" a farko, da jimla ɗaya ta bayani, daga nan ARV. Na gode.

Malamin Hausa: Kalma takwas don abu ɗaya. Shi ke nan, amma ka sa "mazagayi" a jerin kalmomin ƙarshen littafin.