Ganowa ta yi ko gani ta yi?

'Yar Tudun Wada: Wallahi yau raina a ɓace yake. Na kwana a lab ina duba jini, da safe dangin mara lafiya suka yi ta zuba wa likita godiya ni ko kallo ban samu ba. Haka aka yi wa June Almeida, 'yar direban bas a Glasgow da ta bar makaranta tana shekara 16, ita ta gano ƙwayar korona ta farko mai kama mutane a asibitin St Thomas na Landan tun shekarun 1960 amma har ta rasu a 2007 wa ya san ta, sai da annobar 2020 ta zo aka tono sunanta

Ɗan Kawo: Anti ki yi haƙuri amma "gano" ɗin nan ya yi yawa. Gani ta yi. David Tyrrell, mai binciken ƙwayoyin mura, shi ne ke da samfurin, B814, daga wani ɗan makaranta mai mura, shi ya aika mata

'Yar Tudun Wada: To shi me ya hana shi gani? Abu na hannunsa bai san kamanninsa ba sai da ta sa a madubin ilektron mai nuna ƙananan ƙwayoyi, kuma ta gane shi ne don ta taɓa ganin irinsa a ciwon kaji da na ɓeraye, lokacin ma ƙin buga mata binciken a mujalla aka yi wai hotunan ƙwayar mura ne da ba su fita ba

Ɗan Kawo: Ai kin faɗa da bakinki, ganewa. Ganewa daban ganowa daban

Malamin Rigasa: Wanda ya ga wata ranar 29 ai cewa ake ya ga wata, ba a cewa ya gano

Likitan Barnawa: Ku 'yan lab kullum ƙorafi, in mara lafiya ya mutu wa ake riƙe wa wuyan riga?

Maman Biyu: Dakta ka yi mana aiki sati ɗaya babu lab mu gani

Malamin Rigasa: Ni har yau ban huce da kullen da aka yi mana a Kaduna ba, shagona ya yi watanni a rufe

Maman Biyu: Malam me ya haɗa shagonka da matar nan don Allah

Admin: To jama'a ya isa. Abin da na ga kowa ya yarda da shi shi ne ita ta gano, kuma ba don 'yan lab ba da asibiti bai tsaya ba. Dakta a nemi afuwar Anti

Ɗan Kawo: Ni ban yarda ba fa Admin, kai ma a lab kake aiki