Ta yaya zaki da kura da damisa suke zama a gandun daji ɗaya?

Sa'adatu, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masu ilimin namun daji. Tunda zaki da kura da damisa da rabbi (mai kama da damisa, mai tsananin gudu) da kyarkeci (karen daji) duk nama suke nema, kuma gandun daji yana da iyaka, me ya hana mafi ƙarfi a cikinsu ya ƙarar da sauran?

Malam Habu, Bauci:
Wa alaikumus salam, Malama Sa'adatu. Gaba tana nan tsakaninsu, har takan kai ga kisa. A filayen Serengeti na Tanzaniya, binciken da aka buga a 1994 ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na 'ya'yan rabbi suna mutuwa kafin su girma, kuma zaki ne kan gaba wajen kashe su. Abin da yake rage karon shi ne rabon lokaci da wuri. Zaki da kura sun fi farauta da dare, rabbi kuwa da safe ko da yamma, kuma idan ya kayar da barewa sai ya ci cikin gaggawa, yana yi yana ɗaga kai yana dube-dube. Ita damisa takan ja namanta ta hau bishiya, ta maƙale shi a tsakanin rassa inda kura ba ta iya kaiwa.

Dakta Hadiza, Zariya:
Malam Habu ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so a yi wa kura adalci. Hans Kruuk, masanin dabbobi wanda ya bi kuraye a Ngorongoro ta Tanzaniya a shekarun 1960, ya gano cewa su suke kashe yawancin abin da suke ci, kuma a can zakuna ne suka fi ƙwace musu. Wanda ya iso da safe ya tarar da zaki kan nama, kuraye suna jira a gefe, sai ya ɗauka su ne 'yan kwaɗayi, alhali kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Malam Isufu, Yamai:
Ni a ganina, 'yar'uwa, kyarkeci ne ya fi amsa tambayarki, domin shi zaman bai yi masa daɗi ba. Bayan an shawo kan ciwon bushiya, mai kashe shanu da namun daji, a yankin Serengeti a shekarun 1960, dabbobi masu cin ciyawa sun yawaita, zakuna ma suka kusa ninkawa sau uku. Yawan rabbi bai ragu ba duk da asarar 'ya'yan da Malam Habu ya ambata, saboda yana iya kauce wa zaki da ɗan tazara ya ci gaba da harkarsa. Kyarketai kuwa sukan ƙaurace wa duk yankin da zakuna suka yi yawa, ga kuraye suna bin su suna ƙwace abin da suka kama, ga kuma ciwon haukan kare, har suka ɓace daga gandun a farkon shekarun 1990. Saboda haka faɗin ƙasa shi ne sharaɗi. Gandunan W da Arly da Pendjari, waɗanda suka haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, suna riƙe da mafi yawan zakunan Afirka ta Yamma da ragowar rabbi ne domin suna manne da juna, dabba tana iya fita daga wannan ta shiga wancan.